Kwalabe Huɗu a Kwallar Mama

Litinin, 8 ga Satumba, 2025

Kilo 104. Tsayi mita 1.58. Kugu santimita 118. Sau biyu na auna, don sikelin yana rawa a kan simintin tsakar gida. Shekara 49, ko 50, ita kanta ba ta da tabbas.

Mama ta hau sikelin ne kawai don in ƙyale ta. Ta ce, "Kin gama, malamar asibiti?" Ta koma ɗaki ta kwanta. Ƙarfe goma na safe.

Wata bakwai ke nan. Tun da Kaka, mahaifiyarta, ta rasu a Kano, motar su Mama ta isa an riga an dawo daga maƙabarta. Da ta dawo Agege ba ta sake ɗora tandar waina a ƙofar gida ba. Ba ta zuwa Islamiyya. Biredi da lemon kwalba, a kwance, sai barci, sai kallon silin. Baba yana zuwa daga kasuwar Alaba Rago ran Juma'a, ya leƙa ya ce, "Ga ta nan ɓul-ɓul. Mai ciwo yana ƙiba ne?" Matan layi in sun gan ta a bakin famfo sai su ce, "Maman Khamisu, hutu ya karɓe ki." Ba wanda ya zo dubiya. Dubiyar me?

Ni kuma ga ni da digiri a fannin abinci da lafiyar jiki, wata huɗu da karɓa, ina jiran kiran bautar ƙasa, na kasa sa uwata ta ci kifi.

Laraba, 10 ga Satumba

Na yi mata tambayoyin nan tara na auna ciwon damuwa. Ni na mai da su Hausa da kaina. Barci, cin abinci, gajiya, jin kamar kin gaza. Ta samu 16. A littafi wannan ya wuce matsakaici.

Gaskiya takwas na yi mata. Ta taran, wadda ke tambaya ko mutum yana jin gara ya mutu, na buɗe baki, na ga tana gyara ɗankwali, na rufe. Na rubuta sifili a gurbin.

Na ce mu je asibiti. Ta tashi zaune, karon farko yau. "Yaba za ki kai ni, wurin mahaukata? Ki bari in mutu da mutuncina a layin nan." Na ce ba can ba. Ta juya ta fuskanci bango.

Juma'a, 12 ga Satumba

Na sake karanta kundin bincikena na gama makaranta. Mata 120, 'yan shekara 40 zuwa 60. Waɗanda abincinsu ke da ƙarancin seleniyam sun ɗan fi yawan alamun damuwa, kuma sun ɗan fi ƙiba. Sun ɗan fi. Alaƙa ce mai rauni, da hannuna na rubuta haka a shafi na 47, na kuma rubuta cewa alaƙa ba dalili ba ce. Wataƙila damuwar ce ke sa mace ta bar dafa kifi da ƙwai, ba rashin kifin ke kawo damuwar ba. Inda aka ba mutane ƙwayar don a gwada, wasu sun ga amfani, wasu ba su ga komai ba.

Jiki yana buƙatar maikirogiram 55 a rana. Iyaka 400, Turai ma sun sauko da tasu zuwa 255. In na ba ta 100, ina can ƙasa da iyaka.

Ba zai cutar ba. Na rubuta wannan sau uku a bayan takarda kafin na tafi kyamis. Gobe za ta fara.

Laraba, 17 ga Satumba

Anti Mansura, ƙanwar Mama, ta zo daga Isolo. Ta ga kwalbar a kan firij, ta ɗaga tana karantawa da ƙarfi kamar mai sanarwa a tasha. Na zaunar da ita na yi mata bayani, minti goma cif. Na ce ba a tabbatar ba. Na ce gwaji ne. Na ce ban auna jinin Mama ba.

Da la'asar sai ga saƙon murya a guruf ɗin matan Islamiyya, minti huɗu da daƙiƙa goma sha biyu. "Jama'a, ashe Yaya ba son jiki ba ne, ba kuma hutu ba ne. Wani sinadari ne ya ƙare mata a jini, shi ke kumbura mace ya kashe mata zuciya. Dakta Najiba ce ta gano. Sunansa sele... ke Najiba, me ma? To, seleniyam."

Ni ba dakta ba ce. Ban ce ya ƙare ba.

Na rubuta gyara, layi tara. Na karanta, na ga kamar ina ƙaryata Anti a gaban ƙawayenta. Na goge.

Lahadi, 21 ga Satumba

Takalma goma sha ɗaya a ƙofar ɗakin Mama, na ƙirga, har da silifa guda wadda ban ga 'yar'uwarta ba.

Yanzu da ciwon ya samu suna, dubiya ta halatta. Hajiya Halima Sa'adiya ta zo da lemo da ayaba. Maman Abdulbaƙi ta zo da kunun gyaɗa a fulas, tana ta cewa, "Ki yafe mu, Maman Khamisu, wallahi mun ɗauka jin daɗi ne." Har Iya Basira mai shagon kusa da masallaci ta shigo tana yi mata sannu da Yarbanci, "Ẹ pẹlẹ o, Alaja," ta zauna a bakin gado ta fi awa.

Mama ta yi wanka tun kafin azahar. Ta sa turare. Ban ce mata ta yi ba.

Talata, 30 ga Satumba

An yi mata lalle, hannu da ƙafa, farce ya yi jawur har ya koma baƙi-baƙi. Wai ba za a riƙa zuwa ana tarar da ita kamar marainiya ba. Na ji dariyarta daga kicin, sai da na tsaya da wanke-wanke.

Litinin, 6 ga Oktoba

Maki 11. Kilo 103.

Mutum ɗaya ba bincike ba ne. Na sani. Kwana ashirin da huɗu ba komai ba ne. Na sani. Kilo ɗaya yana iya zama ruwa.

Amma daga 16 zuwa 11!

(Takwas na sake yi.)

Alhamis, 23 ga Oktoba

Wani abu ba daidai ba.

Kwana biyar tana tashin zuciya, cikinta yana gudu. Ta ce bakinta kamar ta tsotsi ƙusa. Ta yi wa Baba tsawa a waya a kan abin da bai kai ba. Kuma tana wari, warin tafarnuwa, har a filo. Na ce wa kaina ai tafarnuwar da take haɗiya ce saboda hawan jini, ta shekara tana yi.

Na san jerin alamun yawan seleniyam a jiki, na haddace su don jarrabawa: warin tafarnuwa, ɗanɗanon ƙarfe, gudawa, saurin fushi, farce, gashi. Na zazzage kwalbata a kan faranti. Sittin ne a ciki da farko, ta sha 41, saura 19. Daidai. Ɗari a rana ba zai yi wannan ba. Ba zai yi ba.

Na kama hannunta kamar ina yaba lallen. An sake ɗora sabo shekaranjiya. Ban ga komai ba, ba yadda za a yi in gani. Gashi kuma, rabon da in ga kan Mama ba ɗankwali tun ina firamare.

Wataƙila ruwan da muka saya wurin mai kura ne. Da damina haka yake.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Tanti Aïchatou mai kitso ta zo da safe. Mutuniyar Maraɗi ce, shekara goma sha ɗaya ita ke yi wa Mama kitso, ita kaɗai ke ganin kan nan. Kullum in ta gama takan dunƙule gashin da ya fita a mataji ta damƙa wa mai shi a hannu, don ba a yar da gashi ko'ina. Yau ba ta ba Mama ba. Ta fito ta yafuto ni bayan tankin ruwa, ta kwance bakin zanenta.

Ya cika tafin hannuna biyu.

Ta ce, "Ke ɗiya, mi kuke ba uwarku?" Na ce bitamin ne kawai. Ta ce, "Ni ban yi lakwal ba, bokon nan naku, amma na san kai. Wanga ba zubar tsufa ba ce. Ina taɓawa yana biyo ni. Nan tsakiya babu abin kamawa, sai da na yi dabara na rufe da na gefe. Ta ce in yi shiru. Ni ba ni iya shiru da wanga. Ku tai likita."

Na tsaya riƙe da gashin uwata a bayan tanki, ban san inda zan sa shi ba.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Na jira ta shiga wanka. Ban taɓa yi mata bincike ba a rayuwata. Ba komai a jaka, ba komai ƙarƙashin katifa. Sai a cikin babbar kwallar da ke saman kabad, ta kayan aurenta, ƙarƙashin turaren wuta.

Kwalabe huɗu. Duk seleniyam, kowace ƙwaya 200. Kowace an ɗaura mata zare a wuya, ja, kore, fari, baƙi. Duk sun yi ƙasa da rabi.

Huɗu sau 200, 800. Da tawa, 900. A rana. Kusan mako shida.

Ta shigo da tawul a kai ta gan ni a zaune a ƙasa da su. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta zauna a bakin gado ta nuna su ɗaya bayan ɗaya. Ja ta Mansura. Kore ta Hajiya Halima. Fari ta Maman Abdulbaƙi, ɗanta ya sayo a Ikeja. Baƙi ta Iya Basira. Kowacce ta kawo ne a ɓoye cikin mayafi, ta tura mata ƙarƙashin filo, yadda ake yi da abin dubiya don kada a ce ana nuna kai.

Na ce, "Mama, duka kike sha?"

"Ɗaya-ɗaya, bayan sallar asuba."

"Don me? Ai abu ɗaya ne!"

"Kowacce in ta zo sai ta ce, kina shan nawa dai ko? In dubi idonta in yi mata ƙarya? Mace ta hau danfo ta je ta nemo."

Na ce me ya sa ba ta gaya mini ba. Ta ce da na ce su daina kawowa. Na ce eh mana, da na ce!

Ta daɗe tana murza zaren nan kore. Ta ce, "To in sun daina kawowa, Najiba, me zai kawo su?"

Daga 16 zuwa 11. Ni da na ɗauka kwalbata ce.

Talata, 4 ga Nuwamba

Asibitin gwamnati, tun bakwai, ba mu ga likita ba sai sha ɗaya da rabi. Ta yarda ta zo ne don na ce na gashi ne. Na jera kwalaben biyar a kan tebur. Likitar, wata Bayarabiya mai gilashi, ta ɗaga kowace ta karanta, ta yi lissafi a gefen kati, ta samu abin da na samu.

Ta tambayi wanda ya fara rubuta maganin. Na ce ni ce. Ta dube ni ta saman gilashi. "Na you be the doctor?" Wato ni ce likitar? Na ce a'a. Na gaya mata abin da na karanta. Ta ce to ai na fi kowa sanin iyakar. Na ce na sani. Ba ta ƙara ba. Gara ma da ta zage ni.

Ta duba gindin farce, inda sabo ya ɗan fito bai sha lalle ba. Farin layi a kwance, a yatsu shida. Babban farcen ƙafar hagu ya tsage. Ta ce a daina duka yau, babu wani maganin da ke karya shi, jiki ne zai fitar a hankali. Za a duba hanta, ƙoda, suga, maƙoshi, da seleniyam ɗin kansa.

Sai ta ajiye biro ta koma Yarbanci, a hankali, kamar suna hira a kasuwa. Mama ta shekara talatin a Agege, Yarbancinta ya fi nawa. Barci fa? Abinci fa? Na gane tambayoyin tun daga ta biyu. Na riƙa ƙirgawa a zuci. Ta kai ta tara, ba ta tsaya ba, ta yi ta.

Mama ta dubi ƙofa. Ta ce wani lokaci in ta farka da safe takan ji da ba ta farka ba da ya fi sauƙi. Ta ce ba za ta yi wa kanta komai ba, tana tsoron Allah. Amma takan ji. Tun watan azumi.

Da Yarbanci ta faɗa. Ban sani ba ko da Hausa za ta iya.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Sifili na rubuta. Sau biyu.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Dole in yi wa guruf magana, don Hajiya Halima ta ce ita ma ta fara sha saboda tumbi, har da wata maƙwabciyarta. Sau bakwai ina ɗauka ina gogewa. Na takwas na tura, minti ɗaya da daƙiƙa hamsin. Na gaishe su. Na ce ni ba likita ba ce. Na ce ba a taɓa auna jinin Mama an ga ya ƙare ba, ni ce ban gyara maganar da wuri ba, laifina ne. Na ce abin da jiki ke so kaɗan ne ƙwarai, kifi da ƙwai da nama sun isa yawancin mutane, yawansa kuma guba ne. Na ce ba a tabbatar yana rage ƙiba ko yana warkar da damuwa ba. Duk mai sha ta tsaya, ta tambayi likita.

Ban faɗi abin da ke damun Mama ba. Ba nawa ba ne da zan faɗa.

Shiru har bayan sallar Juma'a. Sai Maman Abdulbaƙi: "Wato guba muka kai mata ke nan? To Allah Ya ba mu haƙuri. Mu da ba mu yi boko ba." Wata ta sa hoton hannu biyu na addu'a. Shi ke nan.

Baba ya zo. Na gaya masa komai, har da ta tara. Ya cire hula ya riƙe a hannu, ya shiga ɗakin, ya daɗe. Ban ji abin da suka ce ba.

Talata, 11 ga Nuwamba

Kwana huɗu ba wadda ta zo. Suna jin kunya, ko suna jin haushi, ko sun ɗauka tunda ba sinadarin ba ne to ba komai ba ne. Ban sani ba.

Mama ba ta yi wanka ba yau. Na kwashe wuƙaƙen kicin na kai ɗakina, sannan na ji kunya na mayar, sannan na sake kwashewa. Duk bayan minti ashirin sai na leƙa. Ta ce, "Ina nan, ban je ko'ina ba. Kin kore su, yanzu kuma kin zama mai gadi."

Duk abin da na faɗa a saƙon nan gaskiya ne. Na sake saurara sau uku, ba kuskure ko ɗaya.

Talata, 18 ga Nuwamba

Sakamako. Hanta lafiya. Ƙoda lafiya. Maƙoshi lafiya. Suga yana bakin iyaka, a sa ido. Seleniyam sama da ƙima sosai, kamar yadda aka zata. Warin ya ragu, cikin ya tsaya. Gashi zai dawo, amma watanni. Alhamdu lillahi. Na shiga banɗakin asibitin na yi kuka, da warinsa da komai.

Likita ta rubuta maganin damuwa, ƙwaya ɗaya, ta ce sai ya yi makonni kafin a ga aikinsa. Mama za ta riƙa ganin wata ma'aikaciya duk mako biyu, a nan, ba Yaba ba. Ta ce ta riƙa ɗan tattaki, minti ashirin ko talatin, kuma zama cikin mutane yana taimakawa. Iyakar abin da ta ce ke nan, na rubuta a wayata tana faɗa.

A cikin keke Mama ta ce, "Yanzu me sunan ciwon?" Na ce ciwon damuwa. Ta ce, "Hm. Wa ya taɓa zuwa dubiyar damuwa?"

Da muka iso ta ce in kira mata Anti Mansura, in fita in ja ƙofa. Sun fi minti arba'in.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Anti ta iso da azahar da mata shida a bayanta, kamar ta kamo su. Har da Maman Abdulbaƙi, fuska a ɗaure, ta zauna can bakin ƙofa ba ta cire mayafi ba. Na gaishe ta har ƙasa, ta amsa a gajarce.

Ina zuba zoɓo Anti ta miƙe ta tafa hannu. Wai likita ta kafa doka. Babbar likita, ba irin tamu ta gida ba (suka yi dariya, na yi kamar ban ji ba). Dokar ita ce, kada a kuskura a bar Yaya ita kaɗai daga la'asar zuwa magariba, ko da rana ɗaya, har wata shida. Kuma kullum mace ɗaya ta riƙe hannunta su taka har gadar Pen Cinema su dawo. In aka tsallake rana, magani ya karye, a koma farko. Ba a kawo komai, ko lemo. Ƙafa kawai.

A maganar likita babu la'asar. Babu wata shida. Babu gada. Magani ba ya karyewa don an tsallake tattaki. Yana nan a wayata, kalma da kalma, wayar tana aljihuna.

Iya Basira ta ce Alhamis tata ce. Hajiya Halima ta ce ai ita ma tumbin nan yana buƙata, a ba ta biyu. Suka fara gardamar wa ke da Asabar. Mama tana tsakiya da ɗankwali ɗaure tamau, tana bin bakin kowacce da ido.

Sai Maman Abdulbaƙi ta ce daga bakin ƙofa, "A tambayi mai boko tukuna, kada mu sake yin laifi. Ke Najiba, kina wurin. Haka likitar ta ce?"

Duk suka juyo. Anti ta zuba mini ido. Mama ta sunkuyar da kai tana kallon hannunta.

Na ce, "Ku dai sa takalmi mara tsini. Hanyar gadar akwai ramuka."

Ban ce eh ba. Ina so ya zauna a rubuce cewa ban ce eh ba.

Maman Abdulbaƙi ta ɗauki Talata.